Tulunan Madam Kellu

Kwana goma sha biyu kacal Madam Kellu ta yi a Guna wajen zaman makokin ƙanwarta, amma ko da ta dawo Damagaram sai ta tarar an kashe mata ɗaki. Ba rushe shi aka yi ba, da rushewar ce ma da abin ya zo da sauƙi. Gyara shi aka yi. Ɗanta Alkasum, mai babban butik, wato kantin karo na daɓen ɗaki, a unguwar Zango, shi ya kawo magina suka kankare yaɓen ƙasa, suka shafe bango da siminti, suka kwashe tabarmi suka shimfiɗa karo fari fat mai ɗaukar ido, suka rufe azara da falafon, wato silin. Ga shi nan tsaye bakin ƙofa, baki har kunne, yana jiran a sa masa albarka.

Ta sa masa, to me za ta ce? Amma tun daga sallamar da ta yi ta san an cuce ta, don muryarta ta bugi bango ta dawo mata kamar wadda ta yi magana cikin randa.

Kunnen Madam Kellu ba irin na kowa ba ne. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a gidan radiyo. Ba ta cikin masu magana, ita ce mai zama bayan gilashi tana murɗa maɓallai har sai muryar mutum ta fita tas. Da ta ajiye aiki ta sayi tsohon ampli mai ƙara ƙarfin murya da manyan bafal biyu, akwatunan nan masu fitar da sauti, ta girke su a ɗakinta. Kaset kuwa tana da su cike da akwati, amma guda ɗaya ne idan gobara ta tashi za ta koma cikin wuta ta ɗauko.

Kaset ɗin na mahaifinta ne, Ɗanƙarami mai gangar noma na Guna. Shekarar da ta fara aiki ta ari na'urar ɗaukar murya ta bi shi gona ranar gayya, ta ɗauke shi yana yi wa manoma kiɗa, kowa da takensa. Minti ashirin da biyu ne. Damina ba ta zagayo ba Allah ya yi masa rasuwa. Bai bar hoto ba, bai bar gona ba, gangar ma gara ta cinye ta. Abin da ya rage na Ɗanƙarami a duniya shi ne minti ashirin da biyun nan, kuma kullum bayan la'asar ƴarsa takan tura ƙofa ta zauna ta saurare shi.

Tura ƙofar kuwa saboda Alkasum ne. Shi a Zango ya girma cikin dangin ubansa, jikokin fatake, masu ƙirga kakanni kamar carbi. Tun yana saurayi ya fara gaya wa mutane cewa kakansa na wajen uwa madugu ne mai raƙuma. Wai madugu! Mutumin da ko jaki bai taɓa mallaka ba! Amma a Zango in ka ce kakanka makaɗi ne, sai a gyara zama a dube ka da wutsiyar ido. Madam Kellu ta ji ƙaryar nan ta haɗiye, shekara kusan talatin tana haɗiyewa, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsinka shi gaban jama'a.

Ran da ta dawo ɗin, da la'asar ta yi, ta sa kaset. Inna lillahi! Gangar noma tana da baki tana da ciki. Bakin shi ne ƙarar gula a kan fata, cikin kuwa shi ne amon nan mai kauri da ke bugun mutum a ƙirji, kuma a cikinsa take yake. Yanzu bakin ya zama kamar ana dukan kwano, cikin kuma ya cuɗe ya koma gurnani ɗaya mara kan gado. Inda kujerarta take, wani bugun ma ya ɓace ɗungurungum. Da ta tashi ta je kusurwa sai ta same shi can ya taru, yana kumbura yana toshe kunne. Ba ta iya raba taken Sarkin Noma da na kowa ba. Ta kashe ampli ta zauna ta yi kuka, kukan da ko a makokin ƙanwarta ba ta yi irinsa ba, don ji ta yi yau ne aka binne ubanta.

Da gari ya waye kukan ya koma fushi. Ba za ta fasa karon ba, kyautar ɗa ce. Amma wallahi ba za ta zauna siminti ya cinye mata uba ba.

Ta san ciwon, ta san maganinsa. Amo mai kauri ba ya jin labule ko tabarma, ratsa su yake yi ya bugi bango ya dawo ya ci karo da ɗan'uwansa, kuma a kusurwa yake taruwa. Sai an ba shi abu mai kauri mai laushi ya nutse a ciki. Ta hau kabu-kabu ta tafi wajen majema ta kwaso gashin tumaki buhu shida, suna mata dariya don su zubarwa suke yi. Ta wanke shi sau uku, ta shanya a tsakar gida har maƙwabta suka fara toshe hanci. Ta haɗa da audugar rimi ta tsofaffin katifu, ta ɗura a buhuna, ta jera su a kusurwoyi daga ƙasa har falafon, ta kare da zana. Ta fito da gwadon aurenta da barguna biyu ta rataye su, ba manne da bango ba, sai da ta bar tazarar tafin hannu. Karon nan mai sheƙi kuwa ta bi shi da tabarmin kaba ta rufe ruf.

Abin ya yi sauƙi, amma da saura. Akwai amo ɗaya, can ƙasa, da ya ƙi mutuwa. Duk sanda Ɗanƙarami ya sauke tafin hannu a tsakiyar fata, sai ɗakin ya riƙe amon yana jan sa, har ya danne bugu biyun da ke biye.

Nan ta tuna abin da wani tsohon ma'aikaci ya taɓa nuna mata da kwalba a gidan radiyo. Duk abu mai ciki da ƙaramin baki yana da amonsa, kuma in aka ajiye shi inda wannan amon ke yawo, sha yake yi. Ranar Lahadi ta shiga mota sai kasuwar Mirya, wajen masu tukwane. Ta tsuguna gaban tulunan wata mata mai suna Rabi, tana buga bakin kowane da tafin hannu, tana kara kunne, tana gunji a maƙogwaro don ta gwada da amon da ke kanta.

Rabi ta yi kallo har ta gaji ta ce, "Baiwar Allah, ruwa za ki zuba a ciki ko hira za ku yi?"

"Hira za mu yi. Miƙo mini wancan mai dogon wuya."

Ta buga tulu ya fi arba'in kafin ta zaɓi huɗu. Kwana tara ta yi tana daidaita su. Wanda amonsa ya yi ƙasa da yawa ta zuba masa rairayi ya hau. Ta cusa ɗan gashin tumaki a wuyan kowane, ba da yawa ba, don kada ya shaƙe. Ta sa kaset, ta zagaya ɗaki tana gunji, ta kashe, ta rage rairayi, ta sake sawa. Daga ƙarshe ta ɗaure bakunansu da ƙyalle saboda ƙadangaru da kunama. Ƙyallen ja ne, don shi ta samu a ragowar ɗinkin tela, kuma ko kusa ba ta kawo komai a ranta ba.

A rana ta tara ta zauna ta danna. Sai ga Ɗanƙarami! Bugu ya fito ya tsaya inda ya kamata ya tsaya, na bayansa ya biyo a sarari. Ta ji shi a ƙirji, ta ji shi a tafin ƙafa. Har wani abu ta ji wanda ko a tsohon ɗakin ƙasa ba ta taɓa ji ba, wani ɗan jan yatsa da yake yi a kan fata kafin ya juya take. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Kwana biyu da haka maƙwabciyarta Hasana ta shigo aron rariya. Ta ɗaga labule, ta ga tulu a kowace kusurwa an ɗaure baki da jan ƙyalle, ga gashin dabba yana leƙowa. Ko rariyar ba ta tsaya karɓa ba. Kafin Juma'a labari ya gama kartiye, unguwa kaf, kuma kowa ya kawo nasa ƙarin. Ai an ga tsohuwar tana shanyar gashin rago. Ai ana jin ta tana zagaya ɗaki tana gunji. Ai kullum da la'asar sakaliya kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa. Shi ke nan, Madam Kellu ta girka iskoki! Mutanen da ke gaishe ta shekara arba'in suka koma tofa addu'a in sun gifta ƙofarta.

Ita ko a jikinta. Amma maganar ta isa inda take da ciwo. Jikanyarta Ummul Khairi, ƴar Alkasum ta fari, an riga an kawo kayan gaisuwarta daga gidan Alhaji Mutari, babban gida a Zango. Yaron, Isma'ila, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma su biyun suna son juna tun ba yau ba. Sai ga saƙo cewa Alhaji zai zo da kansa ran Alhamis ya gaida tsohuwa. Kowa ya san irin gaisuwar.

Alkasum ya shigo ran Laraba da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Inna, don girman Allah a fitar da tarkacen nan. Na kawo mota."

"Ba inda za su."

"To in ya tambaya ki ce don sanyi ne. Ki ce tsufa ne, zafi ke damun ki. Kowa ya san tulu na sanyaya ɗaki."

"In gaya masa gaskiya mana, ai ta fi sauƙi. In ce kiɗan ubana nake saurare."

Alkasum ya dafe kai. "Inna, gara su ce iskoki ne. Iskoki ana roƙon Allah a rabu da su. Wannan kuwa in ya fita ya fita, har jikokin Ummu sai an goranta musu."

Ta dube shi. Ashe a wajen ɗan da ta haifa, gara a ce uwarsa matsafiya ce da a ce ƴar makaɗi ce. Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Ummul Khairi ce ta faɗo mata a rai, yarinyar da ta goya, wadda har yau in ta zo sai ta cinye mata ƙanzon tuwo. Ta ce, "Tuluna suna nan. Amma bakina zan kama. Ka faɗi abin da ka ga dama."

Ran Alhamis bayan la'asar Alhaji Mutari ya iso, dattijo mai farin gemu da taushin magana. Aka shimfiɗa masa darduma, aka ajiye masa ruwa. Ummul Khairi na can bayan labulen tsakar gida, ana jin motsin awarwaronta. Bayan an gaisa, Madam Kellu ba ta jira tambaya ba. Ta jawo tulu ɗaya, ta kwance jan ƙyallen, ta zaro gashin, ta karkata shi rairayi ya zubo a kan tabarma.

"Ga abin da ke ciki, Alhaji. Sa hannu ka laluba in kana so. Ba laya, ba ƙaho."

Alkasum ya yi caraf ya ce, "Don sanyi ne, Alhaji. Dabara ce irin ta tsofaffi."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, da gani nauyi ya sauka daga ransa. "Kai, mutane! Allah ya raba mu da bakin mutane. Ni da ma na ce a gida, ina ƴar madugu ina tsafi? Hajiya, an ce mahaifinki har Agadas yake kai ayari. Allah ya jiƙan maza. Raƙuma nawa ya bari?"

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ita da kanta ta gina da buhu da bargo. Magana ta riga ta mutu, aure ya tsira. Abin da ya rage kawai ta ce ba ta tuna ba, ko ta sunkuyar da kai ta ce amin. Alkasum yana kallon ta, idonsa na roƙo. Ta yi niyyar yin shirun, Allah ya sani ta yi niyya. Amma kama baki daban, buɗe baki ka sa wa ubanka rigar wani a cikin ɗakin da ka sha wahalar dawo da shi daban. A nan ne abin ya ƙi haɗiyuwa.

Ta mayar da rairayin cikin tulu da tafin hannu, ta cusa gashin, ta buga bakin ta saurara, ta mai da shi kusurwarsa. Sannan ta ce, "Alhaji, taso ka zauna a kujerar nan. Daga nan ake ji."

"Inna!" in ji Alkasum.

Ta danna.

Ganga ta cika ɗakin, mai kauri, tsaf, ba gurnani. Ruwan da ke cikin kofin Alhaji ya riƙa rawa. Ana jin ihun manoma can nesa, ana jin hauya na cin ƙasa, ga kuma hannun nan yana sauka a tsakiyar fata. Madam Kellu ta tsaya tsaye gefen bafal, ba ta rage ƙara ba, kuma yau ƙofa a buɗe take.

Ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ne ubana. Bai taɓa zuwa Agadas ba. Da hannun nan ya ciyar da mu, da shi ya sa ni lakwal. Gero kuwa duk wanda ya ci na Guna a zamaninsa, da kiɗan nan aka nome shi. Tulunan don in ji shi da kyau na ajiye su."

Alhaji Mutari ya ci gaba da sauraro. A yi masa adalci, bai tashi a tsakiya ba, sai da kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙarar tsayawa. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "To, mun ji, Hajiya." Ya fita bai taɓa ruwan ba.

Alkasum ya raka shi ya dawo. Yana shigowa sai ya kai wa tulun da ke kusa da ƙofa shuri. Tulun ya tarwatse, rairayi ya watsu a tabarma. Ya juya ya fita. Ummul Khairi ta leƙo, fuska jiƙe da hawaye, ta ce, "Kaka, kalma ɗaya fa! Kalma ɗaya ta gagare ki saboda ni?" Ba ta jira amsa ba ita ma ta tafi.

Ran Asabar aka aiko daga gidan Alhaji Mutari cewa a dakata tukuna, za su yi shawara. Kowa ya san irin shawarar.

Sati uku ba wanda ya taka ɗakin. Madam Kellu ta share ɓaraguzan da kanta. Ba ta yi nadamar gaskiyar ba, amma yarinyar na cin ranta, ko abinci ba ya mata daɗi. Duk da haka kullum bayan la'asar sai ta sa kaset, ƙofa a buɗe, Hasana ta ji, mai wucewa ya ji. Sai dai da tulu uku amon nan ya dawo kaɗan, yana jan ƙafa a kusurwar ƙofa, yana tuna mata abin da aka fasa.

Wata Lahadi da yamma ta ji tsayuwar kabu-kabu. Sai ga Ummul Khairi ta shigo, ƙura har gira, rungume da tulu kamar mai ɗauke da jariri. Ta dire shi ba fara'a.

"Daga Mirya. Matar ta ce ta gane ki, wai ke ce mai hira da tulu. Ban huce ba fa, Kaka."

"Ban ce ki huce ba. Ina labarin malamin lakwal?"

"Yana can yana fama da su. Na ce masa in kakana ne ba su so, to su sani ni ma ba zan ɓoye shi ba. Ya rage nasa."

Madam Kellu ta kau da kai don kada a ga idonta. Ta jawo tulun ta buga bakinsa, ta kara kunne, ta yi tsaki. "An cuce ki, ƴar nan. Wannan cikinsa ya yi yawa. Ɗebo rairayi a tsakar gida, mu gani ko zai ji magana."

Suka tsuguna su biyu, wannan na zubawa, wannan na bugawa tana saurare, har amon ya hau inda ake so. Aka ɗaure bakin da jan ƙyallen nan dai, don Madam Kellu ta rantse ba za ta sake launi saboda Hasana ba. Ta nuna wa jikar kujera, ta kai hannu za ta danna.

Ummul Khairi ta ce, "Tsaya, Kaka. Shekarata ashirin da uku, ba wanda ya taɓa gaya mini. Yaya sunansa?"

Madam Kellu ta miƙe ta je ta yaye labulen ƙofa gaba ɗaya, ta maƙale shi a ƙusa. Sannan ta faɗa da irin muryar da za a ji har zaure.

"Ɗanƙarami. Ɗanƙarami mai gangar noma, na Guna. Maimaita in ji."

Yarinyar ta maimaita, da ƙarfi. Tsohuwar ta danna, ta ƙara murɗa ampli.